Filin Tambayi Likita: Kuɗin Magani Ya Fi Ƙarfin Aljihu

Tun da aka buɗe wannan fili ban taɓa ganin watan da wasiƙun masu karatu suka taru a kan magana ɗaya kamar wannan watan ba. A da mutum kan rubuto ne ya ce ga abin da ke damunsa, a faɗa masa magani. Yanzu kuwa mai wasiƙa ya san ciwonsa, ya san maganinsa, kuɗin saye ne ya gagara. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majiyyaci da danginsa yake fita kai tsaye, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kamfanin magunguna na GSK ya sanar a watan Agustan 2023 ɗin cewa zai daina sayar da kayansa da kansa a ƙasar, farashin magungunan da ake shigowa da su ya yi tashin gwauron zabi. Na zaɓi wasiƙu biyar, na taƙaita masu tsawo, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ni malamin firamare ne, shekaruna 52. Shekara shida ke nan da aka ce ina da hawan jini, aka ɗora ni a kan wata ƙwaya mai suna Norvasc, ita nake sha kullum da safe. Mahaifiyata kuma tana hannuna, tana da ciwon suga, tana shan ƙwaya tana kuma yin allurar insulin. Yanzu kuɗin maganinmu mu biyu yana neman cinye sulusin albashina. Dabarar da na ɓullo da ita ita ce in sha nawa yau in tsallake gobe, domin kwali ɗaya ya kai ni wata biyu, nata kuwa ba na taɓawa. Ba na jin ciwon kai, ba na jin jiri. Shin akwai laifi a wannan? Daga wani magidanci a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri a kan ɗawainiyar Hajiya, ya kuma ba ku lafiya baki ɗaya. Akwai laifi, kuma ina roƙonka ka daina tun daga gobe. Abin da ka yi shi ne ka rage wa kanka rabin maganin da aka auna maka ba tare da wani ya sake auna jininka ya ga ko rabin ya isa ba. Rashin ciwon kai da jiri ba hujja ba ce, domin hawan jini yawanci ba ya sallama. Mutum yana iya yin shekaru yana zuwa aiki yana dawowa, jinin yana ɓata masa ƙoda da zuciya da jijiyoyin ƙwaƙwalwa a hankali, sai ranar da aka wayi gari ɓarin jiki ya shanye ko ƙafafu suka kumbura aka ce sai wankin ƙoda. Wankin ƙoda kuwa sau biyu ko uku ake yi a kowane mako, ba a kuma sa masa ranar gamawa. Na ga gidajen da aka sayar da gona da filin gado a kan haka, alhali abin da aka guje wa tun farko kuɗin ƙwaya ɗaya ne a rana.

Amma ba sai ka zaɓi tsakanin lafiyarka da ta mahaifiyarka ba, domin akwai hanyar da za ka sha maganinka kullum kuma kuɗin ya ragu sosai. Kusan kowane magani suna biyu gare shi. Akwai sunan sinadarin da ke cikinsa, wanda shi ne ke yin aikin, akwai kuma sunan da kamfani ya raɗa wa nasa domin kasuwa. Norvasc sunan da kamfanin Pfizer ya sa wa nasa ne, ainihin maganin kuwa amlodipine ne, kuma idan ka duba kwalin da ke hannunka za ka ga an rubuta haka da ƙananan baƙaƙe a ƙarƙashin babban sunan. Haka Glucophage yake, metformin ne. Panadol paracetamol ne. Ventolin da masu asma ke shaƙa salbutamol ne. Kamfanoni da yawa a Nijeriya da Indiya da sauran ƙasashe suna yin waɗannan magunguna da sunan sinadarin, kuma sau da yawa farashinsu bai kai rabin na mai babban suna ba. Saboda haka ka je wurin likitanka ka ce ya rubuta maka sunan sinadarin da ƙarfinsa, wato ko miligiram 5 ne ko 10, sa'an nan ka tambayi masanin harhaɗa magunguna ya nuna maka nau'o'in da yake da su da farashin kowanne. Akwai magungunan da ba a sauya musu kamfani sai da sanin likita, kamar na farfaɗiya, da na tsinka jini, da na maƙoƙo, da insulin ɗin Hajiya. Amlodipine ba ya cikinsu.

Na san abin da za ka ce, domin shi kowa ke ce mini: ai araha ba ta ado, mai sauƙin kuɗin jabu ne. Jabun magani gaskiya ne, yana nan a kasuwa, amma masu yinsa sun fi son kwaikwayon mai tsada saboda nan riba take, don haka tsada ba ta zama shaida ba. Abin dubawa shi ne wurin da ka saya. Ka saya a ɗakin magani na asibiti ko a kantin da ke da masanin harhaɗa magunguna mai rajista, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali, ka kuma guji na masu talla a tasha da bakin kasuwa, domin ko maganin na gaske ne, wanda ya wuni a faranti cikin ranar Kano ya riga ya rasa wani abu na ƙarfinsa. Irin wannan damuwa ce ta sa a 2024 aka tilasta wa dillalan magani na Sabon Gari komawa sabuwar kasuwar Dangwauro da ke kan hanyar Zariya, inda hukuma za ta iya sa ido a kan abin da ke shiga da fita. Bayan ka sauya, ka auna jininka sau biyu ko uku cikin mako biyu. Idan awon bai tashi ba, ka samu abin da kake nema. Ka kuma tambayi mai harhaɗa maganin ko ƙwayar miligiram 10 da za a raba biyu ta fi ta 5 sauƙi, idan 5 kake sha. Wannan yana yiwuwa da amlodipine, amma ba a fasa ƙwayar da aka yi ta domin ta narke a hankali, irin wasu nau'o'in nifedipine.

Akwai wani abu da nake so ka yi wa kanka da Hajiya a zuwanku asibiti na gaba, wato ku tattara duk abin da kuke sha a leda ɗaya ku kai wa likita. Wani dattijo ya taɓa zazzage mini tasa ledar a kan tebur, na ƙirga kwali tara. Biyu daga ciki magani ɗaya ne da suna daban-daban, yana shan duka biyun yana mamakin yadda ƙafarsa ke kumbura. Uku magungunan ƙarin jini da ƙarin kuzari ne da wani ɗansa ya sayo don nuna kulawa, alhali ba a taɓa cewa jininsa ya yi ƙasa ba. Ɗaya kuma diclofenac ne da yake sha kullum saboda ciwon gwiwa, wanda shi kansa yana ɗaga jini yana kuma cutar da ƙoda. Ya fita daga ofishina da kwali uku, kuma awonsa na wata mai zuwa ya fi na baya kyau. Kada ka ji nauyin ce wa likita, “Ga abin da zan iya saye a wata, wanne ne dole, wanne ne zai iya jira?” Likitan da bai san ƙarfin aljihunka ba zai rubuta abin da ya saba rubutawa ne.

Sauran aikin a madafa yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba ke ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, kuma wannan ya haɗa da wanda ke cikin dunƙule, wanda mafi yawansa gishiri ne. Kanwa ma 'yar gidan ce. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da kunun kanwa da kwanciya a gadon wuta, saboda haka mai hawan jini ya yi hattara da ita a miya da kunu da ɗanwake. A yi magana da uwargida a rage a hankali, harshe kan saba cikin 'yan makonni.

Game da Hajiya, ka yi daidai da ba ka taɓa nata ba. Insulin na kwalba da sirinji yawanci ya fi na alƙalami sauƙin kuɗi, don haka ka tambayi likitanta ko zai dace da ita. Babbar asarar da nake gani a insulin ita ce lalacewa saboda zafi. Kwalbar da aka buɗe tana yin kimanin mako huɗu idan zafin wurin bai wuce digiri 30 ba, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40, ga wuta ba ta tsayawa. Idan babu firji mai aiki, a sa kwalbar a cikin ƙaramar roba mai murfi, a ajiye ta a jiƙaƙƙen yashi kusa da randa ko cikin tukunyar ƙasa mai ɗan ruwa a inuwa, kada kuma a bari ta daskare idan an sa a firji. Sa'an nan a riƙa duba mata tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowane dare, kada ta yi yawo ba takalmi ko a tsakar gida, domin ƙaya ɗaya a ƙafar mai ciwon suga tana iya zama jinyar wata uku a gadon asibiti.

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. 'Ya'yana huɗu, babban yana da shekara tara, ƙaramar shekara biyu. Da damina kusan kowane wata sai ɗaya ya yi zazzaɓi. Idan na kai su kemis ɗin unguwarmu sai ya ce maleriya ce da taifot, ya yi allura na kwana uku, wani lokaci har da ƙarin ruwa, ya haɗo sirof uku ko huɗu. Maigida ya fara ƙorafi, ni kuma ina tsoron zuwa asibiti saboda layi da kuɗin gwaji. Me kuke ba ni shawara? Daga wata uwa a Funtuwa.

AMSA: Barka kadai, 'yar'uwa, Allah ya raya su. Idan kika zauna kika lissafa abin da kika bayar a kemis a daminar bara, ina kyautata zaton za ki ga kuɗin gwajin da kike gudu shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin. Ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba, ko da a tsakiyar Agusta. Akwai na mura, na ciwon kunne, na ciwon maƙogwaro, na fitsari, na haƙarƙari. Gwajin gaggawa da ake yi da ɗigon jini daga yatsa yana fitowa cikin minti 15 zuwa 20, ana kuma yin sa a asibitin sha-ka-tafi na unguwa da sauƙin kuɗi, a wurare da dama ma kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Idan ya nuna akwai, maganin da aka amince da shi shi ne irin su artemether da lumefantrine a haɗe, sha shida cikin kwana uku: na farko, na biyu bayan awa takwas, sa'an nan safe da yamma na kwana biyu, a kuma ba yaro da madara ko abinci mai maiƙo domin jiki ya fi karɓarsa. A cinye shi duka ko da yaro ya tashi yana wasa a rana ta biyu. Uwar da ta ɓoye rabin kwali domin ƙanensa, za ta sayi kwali biyu nan da mako biyu. A jikin kwalin yawancin waɗannan magunguna akwai wurin da ake kankarewa a tura lambar ta saƙon waya kyauta domin a tabbatar ba jabu ba ne.

Maganar “maleriya da taifot” kuwa ta zama waƙa a bakin mutane, kuma ita ce ƙofar da kuɗi suka fi bi su fita. Taifot ciwo ne na gaske mai haɗari, amma bai yi yawan da ake ba shi ba. Gwajin Widal da aka fi dogara da shi yana nuna alama a jikin mutane da yawa masu lafiya ƙalau a ƙasashe irin namu, saboda jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar ko wata mai kama da ita. Wanda ya fi tabbatarwa shi ne shuka jini a ɗakin gwaji a ga ko ƙwayar za ta tsiro, haɗe da abin da likita ya gani a jikin mara lafiya. Mai kemis da ya kalli yaro da ido ya ce taifot, canki-canki yake yi da kuɗinki. Banda asarar kuɗin, yawan ɗura wa yaro maganin kashe ƙwayoyin cuta ba bisa ƙa'ida ba yana sa ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi aiki, sai an koma mai tsada.

Allura ba ta fi ƙwaya ƙarfi ba ga yaron da yake iya haɗiya. An tanadi allurar artesunate ne domin zazzaɓin da ya yi tsanani, kuma irin wannan yaro wurinsa gadon asibiti ne. Ƙarin ruwa kuma, duk da kwarjinin da yake da shi a idon iyaye, ruwa ne da ɗan gishiri ko sukari, amfaninsa ga wanda ba ya iya sha ta baki. Lasisin da Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Nijeriya ke ba masu kemis bai ba su damar yin allura ko ƙarin ruwa ba. Ba ina cewa ki yi gaba da mai kemis ɗinku ba ne, domin na san da yawansu su ne ke buɗe da dare kuma su ne ke ba da bashi. Ki sayi abin da aka rubuta miki a wurinsa idan maganinsa mai kyau ne, amma kada ki bar masa aikin gano ciwo.

Ita 'yar autar tana cikin waɗanda ake bi gida-gida da damina ana ba su maganin rigakafin zazzaɓi kyauta, wato yara daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya a wata har wata huɗu ko biyar. Ma'aikatan kan ba da na ranar farko a gabansu su bar wa uwa na rana ta biyu da ta uku, kuma a nan ake samun sakaci, domin maganin yana da ɗaci, yaro ya yi kuka a ce a bar shi. Ki daure ki ba ta. Gidan sauron da aka raba muku kuma a ɗaura shi a kan shimfiɗar yara, kada ya koma shingen lambu. Idan gudawa ce, abin da ake buƙata shi ne ruwan gishiri da sukari na fakiti da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, ba tarin sirof ba.

Wurin da ba a tsimi shi ne idan kika ga jijjiga, ko yaro ya kasa sha ko kama nono, ko yana amayar da komai, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko numfashinsa yana sama-sama, ko tafin hannunsa ya yi fari fat. Haka jaririn da bai kai wata biyu ba idan jikinsa ya yi zafi. A nan a wuce kemis, a nufi asibiti ko da tsakar dare ne.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni tela ne, ina da mata da 'ya'ya biyar. Ina jin ana maganar inshorar lafiya a rediyo. Shin ba ta ma'aikatan gwamnati ba ce kawai? Kuma wani abokina ya ce mini kamar caca ce, ka biya kuɗi ba ka yi ciwo ba sun tafi. Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Tare da naka, Malam. A da kusan haka abin yake, domin tsarin NHIS da ya fara aiki a 2005 ma'aikatan tarayya ya fi amfana: ma'aikaci da matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. A watan Mayun 2022 aka sa hannu a sabuwar doka da ta kafa hukumar NHIA, wadda ta ce inshorar lafiya ta zama ta kowa. Ƙarƙashinta akwai shirin GIFSHIP da mutum ɗaya ko iyali ko ƙungiya za su iya shiga su biya na shekara. Jihohi ma suna da nasu hukumomin: KADCHMA a jiharku ta Kaduna, KSCHMA a Kano, JICHMA a Jigawa, kuma suna karɓar masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa. Akwai kuma asusun kula da lafiya a matakin farko da Dokar Lafiya ta 2014 ta kafa, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, ana biya wa marasa ƙarfi da masu juna biyu da ƙananan yara da tsofaffi ta hanyarsa a zaɓaɓɓun asibitocin mazaɓu. Ka tambayi shugaban asibitin mazaɓarku ko yana cikin waɗanda aka zaɓa da lokacin da ake rajista, ka kuma tanadi lambar NIN ta kowa a gidan.

Ba zan yi maka kwalliya ba, tsarin yana da gyara. Masu kati suna kukan a ce musu maganin da aka rubuta babu, su je su saya a waje, suna kukan jinkirin samun izinin tura su babban asibiti. Saboda haka kafin ka biya, ka nemi a nuna maka a rubuce abin da katin ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba, musamman tiyata, da kwanciya, da haihuwa, da magungunan hawan jini da suga. Ka tambayi kwana nawa ake jira bayan biya kafin kati ya fara aiki, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ka zaɓi asibitin da ke kusa da kai wanda maƙwabta masu kati suka yaba, ka kuma san inda ake kai ƙorafi. Duk da haka, a ra'ayina, ga mai iyali bakwai tiyata ɗaya ko kwanciyar mako ɗaya ta isa ta mayar masa da kuɗin shekaru. Idan ƙungiyarku ta teloli ta shiga a dunƙule, muryarku za ta fi ƙarfi idan aka yi muku wasa.

Batun caca kuwa, ni ba malami ba ne, ka kai wa malaminka takardar ya duba. Abin da zan iya faɗa shi ne yadda tsarin yake: jama'a ne ke zuba gudummawa a asusu ɗaya, wanda ciwo ya kama a biya masa daga ciki. Kuɗinka na shekarar da ba ka yi ciwo ba sun yi wa ɗan wani magani ne. Idan zuciyarka ba ta kwanta ba, to aƙalla ka ware asusun lafiya daban, ka riƙa jefa wani abu duk ranar da ka sallami ɗinki, musamman a kakar sallah, kada kuma a taɓa shi don biki ko suna.

TAMBAYA: Likita, matata tana da ciki na biyar. Huɗun baya duk a gida ta haihu lafiya. Ina ganin babu dalilin kashe kuɗin awo da asibiti a wannan karon ma. Daga wani manomi a Jigawa.

AMSA: Malam, Allah ya sauke ta lafiya. Haihuwa huɗu lafiya abin godiya ne, amma ba lamuni ba ne a kan ta biyar, hasali ma haɗarin zubar jini bayan haihuwa yana ƙaruwa ga macen da ta haihu da yawa. A wurin awo ne ake gano hawan jinin da ke kawo jijjiga, da ƙarancin jini, da kwanciyar ɗa ba daidai ba, a kuma ba ta ƙwayar ƙarin jini, da allurar rigakafin sandarewar jiki, da maganin rigakafin zazzaɓi da ake farawa bayan wata uku na farko a sha aƙalla sau uku. Waɗannan duka kuɗinsu bai kai na ledar jini ɗaya ba, ballantana na jinyar yoyon fitsari da doguwar naƙuda ke jawowa.

A watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi da suke buƙatarta, a asibitocin da aka tantance. Ba kowane asibiti ba ne, don haka ku tambaya tun yanzu a wurin awo wanne ne mafi kusa da ku. Ka san rukunin jininta, ka yi magana da 'yan'uwa biyu da za su iya ba da jini idan an nema, domin sayensa cikin gaggawa yana da tsada. Ka kuma shirya da direba tun kafin watan haihuwa; a wasu jihohin Arewa akwai direbobin ƙungiyar NURTW da suka ɗauki alkawarin kai mai naƙuda asibiti, ungozoma ko mai unguwa zai san ko akwai su a yankinku.

TAMBAYA: Ina tari sama da wata biyu, na rame, ina gumi da dare. Na sha sirof da kaso iri-iri har na gaji da saye. Akwai mai sauƙin kuɗi da zai yi aiki? Daga wani matashi a Gusau.

AMSA: Ɗana, ka daina saye haka nan, kada ka ƙara ko kwabo. Duk tarin da ya wuce mako biyu, musamman da rama da gumin dare, sai an gwada shi ko tarin fuka ne. Ka je babban asibitin gwamnati mafi kusa ka tambayi sashen DOTS, wato inda ake kula da masu tarin fuka. Za su ba ka 'yar roba ka tofa majina a ciki, a gwada da na'urar GeneXpert, kuma gwajin kyauta ne. Idan ya tabbata, maganin ma kyauta ne, na wata shida, kuma ana warkewa sarai idan aka sha shi kullum har ƙarshe. Wanda ya ji sauƙi a wata na biyu ya ajiye, ciwon kan dawo masa da taurin kai, sai an ƙara tsawon jinya da magunguna masu wahalarwa. Ka tafi da ragowar kwalayen da ka sha domin ma'aikatan su gani, saboda wasu daga cikinsu suna iya rufe alamar ciwon. Kafin sakamako ya fito ka riƙa rufe baki da hanci idan za ka yi tari, ka bar tagar ɗakinka a buɗe, sa'an nan ka faɗa musu mutum nawa kuke kwana ɗaki ɗaya da kuma ko akwai ƙananan yara a gidan, domin su ma za a duba su.